Tukunyar nutso: ta alminiyum zan saya ko ta baƙin ƙarfe?

Dan_Jidda92: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Watan jiya na gama kwas ɗin nutso na farko a nan Jidda, wanda ke ba mutum izinin sauka har mita 18. Duk shigar da na yi a Obhur, bakin tekun Jidda, da tukunyar iskar numfashi ta haya na yi ta, kuma ta alminiyum ce. Yanzu kuɗin hayar nan na kowace Juma'a ya fara isata, ina so in mallaki tawa. Mai shago ya ajiye mini guda biyu: ta alminiyum mai lita 11 da ɗoriya, da ta baƙin ƙarfe mai lita 12 ƙirar Faber. Ta ƙarfen ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ni a ganina alminiyum ya fi sauƙin ɗauka, ba ya tsatsa, ga araha. Amma mutumin ya dage sai ta ƙarfe. Ciniki yake nema ko gaskiya yake gaya mini? Sannan akwai abin da ke damuna: duk sanda na zo tsayawar da ake yi a zurfin mita 5 a ƙarshen nutso kafin a fito sama, sai in ji gindin tukunyar yana ɗaga ni, ina ta fama kada in taso. Laifina ne ko na tukunya?

Mai_Unguwa: Wa alaikumus salam. Barka da shigowa sana'ar kifaye. Ka jira manyan su farka, yanzu za ka ji ta kowane ɓangare.

Injiniya_Warri: Ƙanena, barka da ƙoƙari. Abu na farko, cire zancen sauƙin ɗauka daga ranka. Gaskiya ne alminiyum ya fi ƙarfe rashin nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne nasa, amma bai kai shi ƙwari ba, don haka sai an yi wa tukunyar bango mai kauri kafin ta riƙe iska. Bangon wadda kake haya ya haura santimita 1, na ƙarfe bai kai rabin haka ba. Ɗora su a sikeli babu iska a ciki, ta alminiyum ɗin tana kilo 14 da ɗan wani abu, ta ƙarfe mai lita 12 tana nan kusa da haka. Ka koma shagon ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, za ka ba ni labari.

Abin da kake ji a mita 5 kuwa, ba kai kaɗai ba ne. Wannan tukunyar da ake kira AL80, in tana cike tana ɗan nutsewa, amma in iska ta kusa ƙarewa sai ta koma tana ɗaga ka da kusan kilo 2 a ruwan gishiri. Ta ƙarfe ko ta ƙare tana nan tana ɗan jan ƙasa. Shi ya sa mai ta ƙarfe yake rage dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu don ta nutsar da shi da kilo 2 zuwa 3.

Dan_Jidda92: Na gode Oga. Ke nan ba hannuna ne bai faɗa ba.

Injiniya_Warri: A'a, kada ka yi saurin wanke kanka. Miliyoyin mutane suna tsayawa cak a mita 5 da irin wannan tukunyar. Dalmarka ce ba ta kai ba. Kilo nawa kake ɗaurawa?

Dan_Jidda92: Kilo 4, da rigar roba mai kaurin milimita 3.

Injiniya_Warri: To gwada 6. Kuma ka yi awon a ƙarshen nutso, lokacin da ya rage maka bar 50 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar cikin tukunya), ba a farko ba. Ka fitar da iskar jaket ɗinka, wanda ake hurawa don daidaita tasowa da nutsewa, gaba ɗaya, in ka iya tsayawa a mita 5 ba tare da harbin ƙafa ba, ka samu lambarka. Rubuta ta a littafinka.

JikanSarkinRuwa: Ikon Allah. Mu a Yawuri kakana yana shiga Neja ya ciro gawa ko injin jirgi, ba tukunya ba dalma, numfashi ɗaya. Ku kuma kuna nan kuna gardamar wace tukunya. Wasa nake yi, ku ci gaba, ina ƙaruwa.

Bakatsine_a_Lesta: Ni dai ƙarfe, ba na ko waiwaye. Ina nutso a Stoney Cove nan kusa da mu a Ingila, tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, sanyinsa da hunturu sai ka ji kamar ana sara maka goshi. Dole ka sa rigar da ruwa ba ya shiga, da wasu kaya masu kauri a ciki, duk kuwa iska suke riƙewa. Da tukunyar alminiyum sai ka yi ɗamarar dalma kamar jakin 'yan sari. Nan kusan kowa ƙarfe yake goyawa, lita 12 ko 15, bar 232. Kuma babbar matsalar alminiyum ita ce nauyinsa yana canzawa sosai daga farkon nutso zuwa ƙarshe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake.

Malam_Fiziks: Bakatsine, ka yi daidai har zuwa jimlarka ta ƙarshe, nan ne ka zame. Wannan magana tana yawo a bakin masu nutso amma ba haka take ba. Abin da ke raguwa a tukunya iska ce kawai, kuma iska nauyinta ɗaya ko a me ka zuba ta: kusan giram 1.2 kowace lita. AL80 a cike tana ɗauke da wajen lita 2,200 na iska da aka matse a cikinta, wato kilo 2.7 ke nan. Taka mai lita 12 a bar 232 tana ɗauke da kusan lita 2,780, wato kilo 3.3. Ka ga ke nan taka ma ta fi canzawa, don ta fi cin iska. Bambancin shi ne inda kowacce ta faro da inda ta tsaya. Ta alminiyum ta faro tana ɗan nutsewa ta ƙare tana tasowa. Taka ta faro da nauyi sosai ta ƙare da ɗan nauyi. Kana ganin ba ta canza ba ne don ba ta taɓa tsallake iyakar da za ta ɗaga ka ba.

Bakatsine_a_Lesta: Malam, na karɓi gyara. Shekara shida ina faɗar wannan magana ba wanda ya taka mini birki. Amma dai sakamakon ɗaya ne a ƙuguna.

Malam_Fiziks: Wannan kam ba musu.

DanDamagaram: Ku yi mini uzuri, ni ban taɓa ganin teku ba, karatu kawai nake. Ku ce tukunyar dalma mana ku huta. Mu a nan tukunyar da maƙera ke zubawa da gwangwanin lemo da tsohon fistan, tukunyar dalma muke ce mata. Yanzu kun ce tukunya ta alminiyum, kuma dalma a ƙugu. Wace ce wace?

Malam_Fiziks: Tambayarka ta yi kyau. Dalma ta asali ita ce ƙarfen nan mai laushi mai nauyin tsiya da ke cikin batirin mota, wadda masunta ke ɗaura wa birgi. Ita masu nutso ke ɗaurawa a ƙugu. Tukunyar girki kuwa sunan kawai ta ara, alminiyum ce, abin da tsofaffi ke kira goran ruwa ko sanholo. Da a ce ta dalmar gaske ce, da gubarta ta gama da mu tuntuni.

DanDamagaram: Madalla. Yau na san abin da ban sani ba.

Maman_Hanan: Salamu alaikum. Bari mata ma su sa baki. Na koyi nutso a Tioman lokacin ina karatu a Maleshiya, daga baya na yi a Dahab da ke Masar. Ni gajeruwa ce, kuma AL80 tsawonta ya kai santimita 66. In na ɗaga ta sama, bawul, wato famfon da ke kanta, ya riƙa ƙwala mini ƙeya duk sanda na ɗaga kai. In na sauke ta ƙasa, ta riƙa dukan bayan cinyata. Ranar da aka ara mini ta ƙarfe mai lita 10, sai na ji kamar an sauke mini goyon ɗan shekara biyar an ba ni jariri. Kuma iskar ta ishe ni, don ba na shan iska kamar maza. Don haka Dan_Jidda, tsawonka ma abin dubawa ne, ba a ƙarfe ko alminiyum kaɗai maganar ta tsaya ba. Akwai ta alminiyum ƙarama mai lita 9, akwai ta ƙarfe mai lita 12 gajeruwa mai kauri. Ka goya ka gani kafin ka biya.

Dan_Jidda92: Na gode Hajiya. Ni dogo ne siriri, tsawon bai taɓa damuna ba.

Dan_BurSudan: To in kai siriri ne, saurara da kyau, don duk waɗanda suka yi magana ba wanda ya taɓo wannan. Na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai Turawa nutso daga Bur Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tsayar da harkar. Umbria, jirgin Italiyan nan da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a 1940 yana maƙare da bama-bamai, na shige shi ban san adadi ba. Sha'ab Rumi ma haka, inda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Bahar Maliya ɗaya ce da taku, mu muna wannan gaɓa kuna waccan.

Da zafi ruwanmu yana ɗumi har mutum ya shiga da 'yar riga marar kauri. Siririn mutum da 'yar riga, ka goya masa ƙarfe mai lita 15 a cike, iskar kaɗai ta haura kilo 4, ga nauyin tukunyar kanta a ruwa. Ba ya buƙatar dalma ko ƙwaya ɗaya, yana ta murna. Amma ranar da jaket ɗinsa ya fashe ko bututun hura shi ya tsinke a kan bangon murjani da ba a ganin ƙasansa, me zai yar? Mai alminiyum zai zare ɗamara ya sake ta ya taso. Shi kuwa nauyinsa a bayansa yake, kuma shi ne numfashinsa. Na ga wani baƙo da wannan ta same shi, sai da mutum biyu suka kamo shi yana ta harbi. Lafiya ya fito, amma bai ƙara shiga ba har aka gama tafiyar.

Ban ce ƙarfe mugu ba ne. Lita 12 da rigar milimita 3 a ruwanmu mai gishiri, wataƙila za a bar ka da kilo 3 ko 4 na dalma, wannan ya yi. Amma kada wani ya ruɗe ka da lita 15.

Bakatsine_a_Lesta: Wannan gaskiya ne, ni ban yi tunanin ruwan ɗumi ba. Mu nan rigar kanta jaket ce ta biyu, in ɗaya ta mutu ka hura ɗayar.

Injiniya_Warri: Dan_BurSudan ya gama magana a wannan fannin. Ni kuma tambayar da zan yi wa Dan_Jidda ita ce: wa zai riƙa cika maka? Nan ne tukunyar ƙarfe take rayuwa ko ta mutu. Injin cika iska yana da matata da ke tsotse danshi. A garin zafi mai gumi irin Jidda ko Warri, matatar tana cika da wuri fiye da yadda take yi a ƙasar sanyi. In mai injin yana jan ƙafa wajen canza ta, ruwa zai riƙa shiga tukunyarka kaɗan kaɗan. A cikin ƙarfe, danshi da iska mai matsin bar 200 tsatsa suke haifarwa da gaggawa, ta cinye bango daga ciki kai kana ganin fenti yana ƙyalli a waje. Na taɓa buɗe wata da wani kamfani ya ajiye shekara biyu, muka kifa ta, jan ruwa ya zubo kamar zoɓo. Alminiyum shi ma yana lalacewa, yana yin farin gari da 'yan ramuka, amma yana da haƙuri, farin da ya yi a sama yakan kare na ƙasa.

MaiGwanjo_Eko: Oga, tunda ana maganar araha, a nan Legas ana samunsu cikin kayan gwanjo da ke zuwa a kwantena. Akwai biyu a wajen maƙwabcin shagona, na alminiyum, ba ko kwarzane. In wani yana so in yi magana.

Injiniya_Warri: Tsaya tukuna. Je ka duba kafaɗar tukunyar, akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfen. Ka karanto mana sunan kamfani da shekarar farko da aka buga.

MaiGwanjo_Eko: Ɗaya na ga Luxfer, ga DOT-3AL, ga 3000, sai wata lamba mai ƙarewa da 84. Ɗayar Catalina, 96.

Injiniya_Warri: To ka ji dalilin tambayata. Daga 1972 zuwa tsakiyar 1988 Luxfer sun yi amfani da wani haɗin alminiyum mai lamba 6351. Daga baya aka gano wuyan wasu tukwanen yana tsagewa a hankali in sun daɗe a cike, tsagar da ido ba ya saurin gani, kuma an samu waɗanda suka fashe ana cikin cika su. Shi ya sa aka koma haɗin 6061, wanda ake yi da shi har yau. A Amurka doka ta ce irin tsofaffin nan sai an yi wa wuyansu gwaji na musamman da na'urar lantarki, kuma shaguna da yawa sun daina cika su ko da takarda. Ta 84 ɗin nan ta faɗa cikin shekarun. Ni ko kyauta aka ba ni, ƙararrawar makaranta zan yi da ita. Catalina ba su taɓa amfani da wancan haɗin ba, amma ita ma ba za a cika ta ba sai an cire bawul an leƙa ciki da fitila, an kuma yi mata gwajin matsin ruwa.

MaiGwanjo_Eko: Kai! To bari in gaya masa kafin ya sayar wa wani.

Maman_Hanan: Araha ba ta ado. Abu mai bar 200 a bayanka ba takalmi ba ne da za ka ce in ya tsinke ka ɗinke.

DanKwanaKwana: Ranku ya daɗe, ina da tambaya ko da ta ɗan kauce. Ni ma'aikacin kashe gobara ne, kuma da damina mu ake kira in yaro ya faɗa kududdufi ko rijiya. Muna da tukwanen numfashi na shiga hayaƙi, marasa nauyi, bar 300. Wani abokin aikina ya ce za a iya shiga ruwa da su. Wani kuma ya ce a samo tukunyar oksijin ta asibiti ko ta masu walda. Me kuka gani?

Injiniya_Warri: Don Allah kada ku yi ko ɗaya. Na hayaƙin, waɗanda aka naɗe da zare, ba su da nauyi, a ruwa kamar gora suke, kuma na'urar numfashinsu ba don ruwa aka ƙera ta ba. Ta oksijin kuwa kisa ce. Mutane suna ce wa tamu tukunyar oksijin, amma iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, oksijin ɗinta kashi 21 cikin 100. Tsantsar oksijin in ka wuce mita 6 da ita tana iya sa ka farfaɗiya a cikin ruwa, ka saki abin bakinka, shi ke nan. Ga kuma gobara in ta haɗu da maiƙo, wannan kun fi ni sani.

Ƙari ɗaya tunda a gida Najeriya kake: duk wanda zai cika muku tukunya, ku duba inda injinsa ke zuƙo iska. In kusa da salansar janareta ne, gubar da ke cikin hayaƙin za ta shiga tukunya, ba wari ba launi, kuma a ƙasan ruwa illarta ninkuwa take yi.

DanKwanaKwana: Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa oganmu wannan.

JikanSarkinRuwa: Ku kira mu kawai, mu ba ma buƙatar janareta.

Mai_Unguwa: Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah. DanKwanaKwana, buɗe wa maganarka zare nata daban, tana da muhimmanci, kada ta nutse a nan.

Bakatsine_a_Lesta: To bari in dawo da mu. Game da tsatsa da Oga Injiniya ya faɗa, ban musa ba, amma kada a tsorata yaro. Tawa ta ƙarfe ta haura shekara goma sha biyar, hannu na biyu na saye ta, kuma duk gwajin da aka yi mata ta wuce. A nan ana gwajin matsin ruwa duk shekara 5, ana leƙa ciki duk shekara biyu da rabi. In an ga tsatsa sama sama, akwai injin da ke mirgina ta da tsakuwa a ciki ta fito fes. Sirrin kawai kada ka taɓa barin ta ƙare ƙaf, bar mata ko bar 30 don kada danshi ya samu hanyar shiga. Ka ajiye ta a tsaye. Sai takalmin robar da ke gindinta, don ita gindinta zagaye ne ba ta tsayuwa da kanta: cire shi lokaci lokaci ka wanke, nan ruwan gishiri ke ɓuya ya yi ɓarna.

Dan_BurSudan: Kai a ruwan daɗi kake nutso, ɗan'uwa. Ramin dutse ba teku ba ne. Bahar Maliya gishirinta ya kai giram 40 a lita, sauran tekuna wajen 35. Ka je Gardaƙa ko Sharm ko Marsa Alam a Masar ka ƙirga tukwanen da ke kan jirage, mafi yawa alminiyum ne. Masu jiragen ba wawaye ba ne. Tukunyar da za ta kwana a rana da feshin gishiri, yara suna jifa da ita daga kwalekwale zuwa jirgi, alminiyum ce ke jurewa, kuma in ta mutu maye gurbinta bai da ciwo.

Bakatsine_a_Lesta: Su tukwane ɗari suke saye, dole su duba araha. Shi guda ɗaya zai saya ya riƙa lallaɓa ta kamar amarya. Lissafin ba ɗaya ba ne.

Dan_BurSudan: Amaryar wata uku ce. Bayan nan a but ɗin mota za ta riƙa kwana da gishirinta.

Malam_Fiziks: Tunda an ambaci but ɗin mota: tukunyar da aka cika bar 200 a zafin digiri 30, in mota ta gasa ta ta kai digiri 70, za ta haura zuwa wajen bar 226. Wannan kaɗai ba zai fasa lafiyayyar tukunya ba, don ana gwada AL80 a bar 345, amma ba ɗabi'ar kirki ba ce, robobin bawul suna gajiya. Zafin da ke kashe alminiyum shi ne na wuta. In ya kai wajen digiri 175 ƙwarinsa ya tafi, ko da ido bai ga komai ba. Don haka kada wanda ya kai tasa wajen masu fentin da ake gasawa a tanda don ta yi kyau. Wadda gobara ta lasa kuma ta gama aiki.

Dan_Jidda92: Na koma shagon da yamma. Oga Injiniya, na ɗaga su, wallahi kusan ɗaya suke, har ta ƙarfen ta fi daɗin runguma. Na tambayi inda nake cikawa, sun ce iyakarsu bar 200, wani lokaci ma in ta huce sai ka ga 190. Ke nan bar 232 ɗin da aka rubuta a ta ƙarfen ba zan same shi ba?

Malam_Fiziks: Ba za ka samu ba sai ka canza wurin cikawa. Amma yi lissafi: lita 12 sau 200, lita 2,400. Lita 11.1 sau 200, lita 2,220. Ribarka lita 180 ce, a mita 18 mintuna uku ko huɗu ke nan ga sabon mai nutso. In ka samu mai cika 232, ribar ta haura lita 500, nan ne za ka ji bambanci. Abin da zan hana ka shi ne ƙaramar tukunya mai bar 300. Lita 10 a bar 200 lita 2,000 ce kacal, ka biya kuɗi mai yawa ka samu ƙasa da ta haya. Ko an cika ta 300 ɗin ma, iska ba ta matsuwa yadda lissafi ya nuna a wannan matakin, kusan kashi 10 cikin 100 yana bin iska.

Injiniya_Warri: Kuma duba bakin bawul. Ragiletarka, wato na'urar numfashin da ake haɗawa da bawul, mai ƙugiya ce ko mai zare, wadda ake kira DIN? Mai ƙugiya iyakarta bar 232, ba ta hawa bawul ɗin 300. Yawancin bawul ɗin 232 suna da ɗan toshe da ake cirewa da makulli, su karɓi kowacce. Nemi irin wannan.

Sai gargaɗin da ba na gajiya da yi. Zaren wuyan tukunyar Turai M25 ne, na Amurka inci uku bisa huɗu. Sun yi kama har bawul ɗin M25 yana shiga wuyan da ba nasa ba, ya yi kamar ya zauna. In aka cika, sai ya fita kamar harsashi. An rasa rayuka a kan wannan. Jidda kuwa kayan Turai da na Amurka duk suna shigowa. Kada ka sayi tukunya nan, bawul can, ka haɗa da kanka.

Maman_Hanan: Ni fa har yanzu ban ga dalilin sayen ba. Ko ka mallaka sai ka biya kuɗin cikawa, ga kuɗin gwaji, ga ɗauka daga mota zuwa bene. A wurare da yawa haya da cikawa tazararsu kaɗan ce. In za ka je Dahab ko Maleshiya ba za ka tafi da ita ba, jirgin sama ba ya karɓa sai an juye iskar an cire bawul, ga nauyin kilo 14 a kayanka. Can kuma AL80 za su miƙo maka, a Masar ma lita 12 suke ce mata alhali ba ta kai ba. Gara hannunka ya saba da ita. Da ni ce, kuɗin nan kwamfutar hannu mai nuna zurfi da lokaci zan fara saya da ragileta tawa ta kaina, abin da nake sawa a baki.

Dan_Jidda92: Hajiya ina da su duka biyun. Matsalar hayar ita ce ranar Juma'a da sassafe shagon a rufe yake, sai in karɓa tun Alhamis in mayar Asabar, su caje ni kwana biyu.

Maman_Hanan: To wannan hujja ce. Amma nutso biyu kuke yi ko ɗaya?

Dan_Jidda92: Biyu.

Maman_Hanan: Ka ga ke nan tukunya biyu kake buƙata, ba ɗaya ba. Koma ka sake lissafin kuɗinka.

Dan_BurSudan: Hajiya ta kashe bakin kowa. Biyu na alminiyum, ka huta. In Allah ya sa ka zurfafa a harkar nan, su ne za ka rataya a gefe a matsayin tukwanen ƙari, don masu nutso mai zurfi alminiyum suke ratayawa saboda ba ya karkatar da mutum. Ba za su zama asara ba.

Bakatsine_a_Lesta: Ko ya sayi ƙarfe ɗaya yanzu, ya riƙa hayar ɗaya, ya gwada su a rana guda har wata uku. Wadda jikinsa ya zaɓa ya ƙaro ta.

Injiniya_Warri: In zai yi haka ya tuna dalmar ba ɗaya ba ce. Ya cire kilo 2 in zai goya ƙarfe, ya mayar in zai goya ta haya. Ranar da ya manta, ko ya yi ta noman ƙasa ko ya sake tasowa a mita 5.

Dan_Jidda92: Jiya na gwada kilo 6 da ta haya kamar yadda Oga ya ce. Na tsaya minti uku cur a mita 5 da bar 50, ban harba ƙafa ba. Gindin tukunyar dai har yanzu yana ɗan ɗagawa.

Injiniya_Warri: Cire kilo 1 daga ƙugu ka sa a aljihun da ke jikin maɗaurin tukunya, in jaket ɗinka yana da shi. Sannan ka tambayo mini masu cika maka yaushe rabon su canza matata, ka ga ko za su amsa ba tare da sun kalli juna ba.

JikanSarkinRuwa: Ni dai in wani ya gaji da tasa, ta ƙarfe ko ta goran ruwa, ya aiko Yawuri. Ina so in ga abin da kakana yake gani a ƙasan Neja, amma a zaune cikin natsuwa.

Dan_BurSudan: Neja da damina ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Ka fara zuwa kwas tukuna.